Kiran Azahar a Bayan Dutse

Mpape, Abuja.
9 ga Satumba, 2013.

Zuwa ga Yaya Badaruddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da sauran 'yan'uwa na zangon Kumasi. Allah Ya ƙara rufin asiri, Ya buɗa kasuwa, Ya tsare ku daga duk abin ƙi a ƙasar mutane. Mu nan alhamdu lillahi. Maigidan, Baban Zahra, yana nan yana fama da tifarsa, gine-ginen Abuja ba su barinsa ya huta ko ranar Asabar. Ni ma ɗinki ya yi kyau a Sallar nan, har sai da na mayar da wasu. Zahra ta fara tafiya, kuma bakin nan nata da alama naka ta ɗauko, ba ta gajiya da surutu.

Wanda ba shi da lafiya shi ne Baba, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Sau uku kana kira a watan nan ina ce maka yana barci ko yana masallaci. Ƙarya na yi maka, Yaya, ka yafe mini. Abin ba na faɗa a waya ba ne, ga shi ɗakinmu da nasa langalanga ce kawai ta raba, kunnensa kuma ras yake ko da ido ya tafi. Da na ji Ɗangoggo direba zai taso wajenku jibi, sai na ce gara in zayyana maka komai a rubuce, ka karanta a natse.

Sau biyu kacal ka zo Mpape, su ma a tsaitsaye, don haka bari in tuna maka yadda wurin yake. Masallacin da Baba ke ladanci yana gindin tudu, a ɗaya gefen tudun kuma akwai ramin kamfanin da ke fasa dutse. Kullum ƙarfe ɗaya da rabi na rana suke tayar da nakiya, ban da Juma'a da Lahadi. Suna da jiniya da suke busawa kafin nan, amma tudun yana tare ƙararta, ba ta kaiwa gangaren da muke kira Bayan Dutse. A gangaren nan ne mata ke tsintar duwatsun da nakiya ta watso, su farfasa da guduma su mai da su tsakuwa, su tara wa masu tifa. Shekara tara ke nan da Thaddeus, mutumin Filato da ke tayar wa kamfanin nakiya, ya zo ya durƙusa gaban Baba suka ƙulla magana ta baka. Baba zai riƙa kiran azahar ƙarfe ɗaya daidai, ba ƙari ba ragi, tunda lasifikar masallacinmu ce kaɗai ke isa Bayan Dutse. Da matan sun ji kiran, Musulminsu da Kiristansu, sai su ajiye guduma su gangaro gindin mangwaro, su ci abinci har a gama fashin. Ba takarda, ba shaida, kuma a shekara taran nan ko ƙwarzane babu wadda ta taɓa samu. Christina, babbar cikinsu, takan tsokani Baba ta ce shi ne fastonsu na rana.

Ka san a da da inuwa yake aiki, da sandar nan da ya kafa a gefen masallaci da tsohon agogonsa na hannu. Da yanar ido ta fara rufe masa gani ya daina ganin ko ɗaya, shi ne ka aiko masa da waya, ka ce agogonta ba ya kuskure. Ni na saita masa ƙararrawa biyar, kowace kwata kafin lokacin kira, don ya samu ya yi alwala ya taka a hankali. Da farko ya yi ta mita, wai ladanin da kwalin roba ke tasa ai ba ladan ba ne. Ba a yi wata biyu ba ya shaƙu da ita, ko banɗaki zai zaga sai ya shafa aljihu ya ji tana nan. Agogon bangonmu kuwa tun bara batirinsa ya mutu, ni da sakacina ban sake ba, tunda kowa a gidan da waya a hannunsa.

Ranar Talatar da ta biyo bayan ƙaramar Sallah gari ya tashi da lumshi, ba ruwa ba rana, irin yinin da ba ka gane safiya daga hantsi. Ina kan keke a tsakar gida, Baba yana zaune kan buzunsa ya jingina da bango. Kawai sai ƙasa ta girgiza, kwanon rufi ya yi kara, tukwanen da na kife suka gwaru da juna. Ƙarar nakiya abin yau da kullum ce a wurinmu, ko Zahra ba ta firgita da ita. Amma ranar na ga Baba ya zabura ya miƙe tsaye yana salati, ya tambaye ni ƙarfe nawa. Na duba wayata, sha biyu da rabi. Na zaro tasa daga aljihunsa, ita ma sha biyu da rabi. Ya ce sun tayar bai yi kira ba, matan suna can sama. Yaya, mutumin da ba ya tsallake kwata sai da sanda, ranar ba takalmi ba sanda ya fita da gudu, ni da nake da ido da ƙuruciya sai da na yi da gaske na cim masa.

Muka isa gindin mangwaro muna haki, sai ga matan a zazzaune suna cin abinci, su goma sha ɗaya, wata ma tana tsifar kai. Christina ta taso tana dariya, tana tambayar Baba ko kare ne ya biyo mu. Ya tambaye ta wa ya sauko da su. Ta ce wa kuwa in ba shi ba, ai kiransa suka ji kamar kullum. Ya ce bai yi kira ba. Sai Indo, wadda ke sallah a gidanmu wani lokaci, ta rantse da Allah ta ji shi da kunnenta, har da gyaran muryar nan da yake yi kafin hayya alas salah, wadda muke kwaikwayo muna yara Inna tana zare mana ido. Sauran duk suka ce haka ne. Baba ya sa hannu cikin riga ya jawo igiyar da ke wuyansa, ya ɗaga musu mabuɗin masallaci. Daga inda muke ana hango ƙofar, da kwaɗonta a rufe. Tun da nake ban taɓa ganin dariya ta ɗauke a fuskokin mutane lokaci guda kamar ranar ba.

Christina ce ta fara dawowa hayyacinta, ta shiga ƙirga su da yatsa. Ta ƙirga sau biyu, sannan ta tambayi ina Prudence. Wata yarinyar mace ce daga wajen Kafanchan, mako uku kacal da fara aikin, mijinta Abednego gadi yake yi a Maitama. Indo ta dafe ƙirji ta ce lokacin da aka yi kiran ta yi mata magana, amma Prudence ta ce ita ba ta ji komai ba, ta ɗaga wayarta ta nuna mata sha biyu ne ma yanzu ya yi, da sauran awa guda, bari ta cika kwanonta. Indo ta duba tata wayar ta ga sha biyun, amma ta ce ita dai Baba ta ji, kuma Baba ta sani kafin ta san waya. Hanya biyu ake gangarowa daga can, masu bin ta dama suka ɗauka tana cikin na hagu, na hagu suka ɗauka ta biyo na dama. Maza ne suka hau suka sauko da ita. Dutse guda ne ya same ta a ka, kusa da kwanon nata. Washegari aka tafi da gawar garinsu, ta bar 'ya mai shekara biyu.

Sai da la'asar muka gane abin da ya faru da wayoyin, lokacin da muka ga sun yi tsalle sun ƙara awa guda da kansu. Baban Zahra ya je wajen masu gyaran waya a kasuwa, suka ce ai yinin ranar abin da ake ta kawo musu ke nan. Ashe wayar ba ita ke riƙe da lokacinta ba, sabis ne ke faɗa mata, ita kuma ta karɓa ba musu. Wai an yi aiki ne a ƙarfen sabis ɗin da ke kan tudunmu, aka bar shi a kan lokacin wata ƙasa, shi ne duk wayar da ke kama shi ta koma baya da awa ɗaya tun wajen hantsi. A gefenmu kuwa layi guda ne ke kamawa, don haka ba wanda zai duba ta maƙwabcinsa ya ga bambanci. A cikin gari abin dariya ya zama, wannan ya makara ɗauko yara, wancan ya bar oga yana jira. Mai gyaran ya ce lokacin da suka koma shi ne na Gana. Da Baba ya ji haka sai ya yi murmushi, ya ce ashe wajen Badaru ta bi. Na rubuta maka wannan ne don na san halinka na ɗora wa kai laifi. Wallahi bai taɓa cewa wayarka ce ta jawo ba, kuma ba ita ba ce, ta kowa haka ta yi.

Thaddeus ya zo gida kwana biyu bayan nan, ƙaton mutum yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ce su ba a barinsu su kusanci nakiya da waya a jiki, agogon hannu yake amfani da shi, kuma agogon ya nuna ɗaya da rabi. Ya ce duk da haka bai taɓa tayarwa ba sai ya ji kiran Baba, a kan hakan yake hawa saman ramin kullum ya tsaya ya saurara, kuma ranar ya ji. Ka san ni, Yaya, ba a saurin sayar mini da labari. A raina na ce wanda abu ya rutsa da shi ai dole ya ce ya ji. To amma mata goma sha ɗaya fa, su me za su kare? Baban Zahra ya ce sabo ne kawai, kunnen da ya shekara tara yana jin abu a lokaci guda zai ji shi ko ba a yi ba, shi ya sa baƙuwar cikinsu ce kaɗai ba ta ji ba. Na ji daɗin maganar nan tasa, na riƙe ta har kwana da kwanaki. Liman kuwa cewa ya yi a bar zancen, a yawaita addu'a, kada a buɗe wa jahilai ƙofa. Ai kuwa ƙofar ta riga ta buɗe, don ranar da na je ɗebo ruwa na ji wata tana cewa Baba yana da aljani Musulmi da ke masa aiki. Sai da na ajiye bokiti na wanke ta tas.

Washegarin abin Baba ya je masallaci da azahar, ni na raka shi. Ya tsaya gaban makirufo ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, sai iska kawai. Ya gwada har sau uku, sannan ya cire igiyar daga wuyansa ya miƙa wa liman. Tun daga ranar bai sake taka masallacin ba. Yanzu liman ne ke yin kiran da kansa, shi kuma sai ya rufe shago, don haka ba ya samu sai ɗaya da kwata. Kamfanin ya dakata mako guda sannan suka ci gaba, sun sa wani mutum yana zagayawa Bayan Dutse da usur da jan ƙyalle. Ka ga ke nan an sauke wa Baba nauyin, ya kamata a ce hankalinsa ya kwanta. Amma muryarsa kullum raguwa take, yau da ƙyar za ka ji shi sai ka kai kunne bakinsa. Mun kai shi asibiti sau biyu, sun leƙa maƙogwaro, sun ɗebi jini, sun ce ba su ga komai ba sai ƙarancin abinci. Kunu ludayi uku yake sha ya ture. Rigar da na ɗinka masa ta Sallah yanzu rataye take a jikinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wannan. Wayar tasa na cire mata batir na jefa a akwati, tawa ma ba na barinta kusa da shi. Amma kullum, ana ruwa ko ana rana, sai in ga ya yunƙura ya tashi zaune, ya fuskanci gabas, ya sa yatsu a kunne. Leɓɓansa na motsi, jijiyar wuyansa na tashi, amma ko sauro ya fi shi ƙara. Na sayo batir na sa wa agogon bango, na daidaita shi da rediyo, na zauna ina lura. Ƙarfe ɗaya daidai yake farawa, ko minti guda bai taɓa saɓawa ba. In ya gama sai ya sulale ya kwanta, zufa ta jiƙa shi sharkaf, ya yini bai iya ɗaga hannu ba. A nan ne na tuna ranar Talatar, kamar rabin awa kafin ƙarar nakiya, na ɗago kai daga ɗinki na ga gyangyaɗi ya ɗauke shi a zaune, bakinsa yana motsi. A lokacin na ɗauka tasbihi yake yi.

Christina ta zo duba shi makon jiya. Da za ta tafi ta ja ni waje, ta ce ba ta so ta tsorata ni, amma su har yanzu ba usur ke sauko da su ba. Ta ce kafin mai jan ƙyalle ya iso sun riga sun tattara kayansu, don kira biyu suke ji kullum, na Baba da ƙarfe ɗaya, na liman daga baya. Na ce mata sabo ne. Ta ce to in zo in saurara da kunnena, tunda ni ban taɓa hawa can ba balle in saba.

Ranar Alhamis na bar Baba da Baban Zahra, na ce kada ya ɗauke ido daga kansa, na ari wani agogon hannu a wajen Thaddeus na hau. Na samu wani dutse na zauna nesa da su kaɗan, ina kallon agogo, ina jin ƙarar guduma ta ko'ina. Daga can ana hango rufin masallacinmu da lasifikarsa. Hannun agogo yana hawa kan ɗaya, gudumomin nan suka tsaya gaba ɗaya, ba wadda ta kalli wata. Sai na ji Allahu akbar. Yaya, ba daga wajen masallaci ya taso ba, a kusa yake, kamar mutum na tsaye a bayana, har sai da na waiga. Ba kowa sai duwatsu. Muryar Baba ce, kuma ba irin ta shekarun nan da ta fara rawa ba, cikakkiyar muryarsa ce ta lokacin da muke Zariya, wadda ake ji har bakin kasuwa. Da ya zo wurin gyaran muryar nan ya yi ta. Ban san lokacin da na fashe da kuka ba, Indo ce ta kama ni muka gangaro.

Da na shigo gida Baban Zahra ya ce Baba ya yi yadda ya saba, shi kuma yana zaune dab da shi ko uffan bai ji ba. Ban gaya wa Baba inda na je ba, amma ina shiga ɗakin ya yafito ni da hannu. Na durƙusa na kai kunnena. Ya tambaye ni ko sun sauko, na ce sun sauko. Ya ce na ƙirga su, na ce na ƙirga, goma sha ɗaya, duk lafiya lau, ya kwantar da hankalinsa ya huta, yanzu akwai mai usur. Ya girgiza kai, ya ce su goma sha biyu ne. Ya ce saura ɗaya, har yanzu ba ta ji ba, tana can tana kallon wayarta, kuma shi aka ba amanar sauko da su. Na ce Baba, yarinyar nan an binne ta a garinsu kusan wata guda. Ya ce ya sani, gobe zai ƙara ɗaga murya.

Ina jin tsoro, Yaya, ban ɓoye maka ba. Ban san mene ne wannan ba, Allah ne masani, kuma na daina neman wanda zai fassara mini. Abin da idona ke gani shi ne kowane kira yana tafiya da wani abu daga jikinsa, kuma abin da ya rage ba shi da yawa. Na yi magana, liman ya yi, Thaddeus ya yi, har Abednego mijin marigayiyar ya zo ya riƙe hannunsa ya ce ba ya riƙe da shi a zuciya ko kaɗan. Duk ya saurare mu, washegari ƙarfe ɗaya ya tashi zaune. Kai kaɗai ne kake faɗa masa magana ya ɗauka tun bayan rasuwar Inna. Ka bar wa wani shagon ka biyo motar Ɗangoggo in zai juyo, ko dai ka shawo kansa mu mai da shi Zariya nesa da tudun nan, ko kuwa ka same shi da ransa ku yi sallama. Ita marigayiyar ba za ta sauko ba, shi kuma ba zai daina kira ba.

Ka gaishe mini da Anti A'isha da kyau, ka ce na ga atamfar, Allah Ya saka da alheri. Ka shafa mini kan mai sunan Baba da Ɗan'auta. Ka gai da Kawu Sale da iyalinsa, ka roƙe shi ya sa almuridansa su taya mu da addu'a, amma kada ka ba shi labarin duka. Baban Zahra yana gaishe ka, Indo da Christina ma sun ce in isar da gaisuwarsu ga ɗan Baba na Gana. Allah Ya kawo ka lafiya, Ya sa ka iso a kan lokaci.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka da ke duban hanya,
Zakiyya Ilyasu.